Kan babur ɗina yana cijewa a tsakiya: ƴaƴan boris ne ko zobe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Bajaj Boxer da nake kai buhunan masara kasuwa da shi. Kwanan nan kan yana cijewa idan ya zo tsakiya, in na kama birkin gaba kuma sai in ji ƙwas a wuya. Wani yaron gareji ya sa mini sabbin ƴaƴan boris ya ƙara ɗaure noti, amma bayan mako biyu abin ya dawo. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaron nan rabin aiki ya yi maka. Ƴaƴan boris a kan zobban ƙarfe suke gudu, guda 4 ne a wuyan babur: biyu a cuse cikin bututun wuya, sama da ƙasa, ɗaya a gindin sandar kai, ɗaya ƙarƙashin notin ɗauri. Ramukan hanya da nauyin kaya su ke sa ƴaƴan su lotsa zoben, a daidai inda kai ya fi zama, wato tsakiya. Ƙara ɗauri kuwa zurfafa lotsin yake yi.

Ka fara gwadawa. Ɗora babur a kan babbar ƙafa, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, ka juya kai a hankali da yatsa ɗaya. In ya faɗa tsakiya ya tsaya kamar an sa masa sakata, zobba sun tafi, duka za a canza.

Bayan an sauke taya da shokozoba, ka shimfiɗa tsumma kafin ka zare sandar, don ƴaƴan za su watse, kuma ka ƙirga na sama daban, na ƙasa daban. Zobban cikin wuya da dogon ƙarfe ake buge su ta ciki: ka zura ta sama ka nemi leɓen na ƙasa, bugu kaɗan nan, kaɗan can, kana zagayawa. Wanda ya dage wa gefe guda zai fito da zobe a karkace ya buɗa ramin, daga nan sabon zobe ba zai ƙara zama daram ba. In babu leɓen da za a kama, mai walda ya ɗiga wuta a cikin zoben, yana hucewa zai tsuke ya saki. A cire wayar batir tukuna.

Zoben da ya fi taurin cirewa shi ne na gindin sanda. Sa bakin cizal a ƙarƙashinsa kana zagayawa har ya ɗago. Robar da ke tare ƙura tana nan ƙasansa, da wuya ta tsira, saboda haka ka sayo sabuwa, kuma ita ake fara sawa. Na sha ganin an gama ɗaure komai sannan a hango ta a ƙasa.

Wajen sa sabbi, kada guduma ta taɓa inda ƴaƴa ke gudu. Ɗora tsohon zobe a kan sabo ka buga ta kansa. Kunnenka zai gaya maka ya zauna, don ƙarar takan sauya ta koma ƙau. Na sanda kuwa da bututun ƙarfe ake tura shi, wanda bakinsa ya hau leɓen ciki kaɗai. In kana da firiza, zobban wuya su kwana ciki, sun fi saurin shiga.

Cika giris, jera ƴaƴa, ɗaure noti da ɗan ƙarfi, juya kai hagu da dama sau da yawa, sannan ka sassauta har kai ya riƙa faɗawa gefe da kansa ba tare da girgiɗi ba. Notin da ke can sama, wanda ake ɗaurewa bayan notin ɗauri, yana ƙara matsi, don haka sake gwadawa bayan ka ɗaure shi. In ka yi mako guda kana hawa, ka koma a duba ɗaurin, kuma ka hana masu wankin babur harba ruwan inji a wuya.