Amsa kan motar katako ta Pinewood Derby

Wa alaikumus salam ɗan uwa, ka ce yaronka ya shiga Cub Scouts, ƙungiyar sikawut ta ƙananan yara, nan Amurka an basu guntun katako da taya huɗu da ƙusa huɗu su haɗa ƙaramar mota dan tseren da ake kira Pinewood Derby, kana tambaya ya za'ai motar tayi gudu. To ai ba inji gareta ba, gangara kawai ke janta, dan haka maganar duk akan nauyi ne da santsi.

Doka dai kar ta wuce oza 5, wajen giram 141 kenan, tsawo inci 7. Ka cika nauyin daf da 5 ɗin, ku auna a sikelin kicin, amma ka tura nauyin can baya, in ka ɗora motar akan yatsa ta tsaya daidai kamar inci ɗaya gaban tayar baya, saboda a bakin tashi baya ne yafi sama shi zai ci gaba da tunkuɗata har ta sauka fili. In yayi baya da yawa kuma gaba zai dinga rawa.

Ƙusoshin nan da tayoyin ke juyawa akansu suna da kaushi a ƙarƙashin kai, ku goge da sanfefa sosai har su sheƙi, sannan a zuba garin girafait irin na cikin fensir. Mai kuma yawanci an hana, ka duba dokar ƙungiyarku.

Dan Allah ka bar yaron ya yanka ya shafa fenti da kanshi, Don Murphy da ya fara abin a California a 1953 dan uba da ɗa suyi tare ya ƙirƙiro shi. Zarton dai ka riƙe masa.