Ciniki ya ja baya, manaja ya sa ni gaba: in ajiye aikin ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina aikin tallata kaya a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a nan Katsina, irin su sabulu da taliya da madara. Ina zaga shaguna daga babbar kasuwa zuwa Ƙofar Ƙaura, ranar Lahadi kuma in leƙa Jibiya. Shekarata huɗu a wurin, ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Wata uku ke nan cinikina ya faɗi, kuma tun daga lokacin manajanmu ya sa ni gaba. Kira da safe, kira da azahar, kira da la'asar, kuma kowane shago na shiga sai na tura masa hoto ta WhatsApp. Makon jiya har kasuwa ya biyo ni, ina magana da wani tsohon kwastomana ya tsoma baki ya karɓe zancen. Yanzu in na ga kiransa gabana faɗuwa yake yi, wani lokaci in ƙyale wayar ta yi ta ruri. In ajiye aikin ne, ko in tunkare shi?

Wani mai karatu daga Katsina

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye aikin tukuna, kuma daga yau ka daina barin wayar tana ruri. A duk abin da ka zayyana, wannan ƙin ɗaga wayar ne kaɗai ya tayar mini da hankali.

Na daɗe ina jagorantar masu tallan kaya, saboda haka bari in gaya maka abin da ke faruwa a ɗaya gefen teburin. Manajanka ma yana da nasa ogan, kuma duk ƙarshen mako ana tambayarsa me ya sa yankin Katsina ya sauka. In ba shi da amsa, shi za a fara yi wa kallon rago. Kiran nan uku a rana amsa yake nema, sai dai hanyar da ya bi ba ta da kyau. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Mai yiwuwa ya taɓa yin yaron da cinikinsa ya faɗi, daga baya aka gano yana cin kuɗin kwastomomi ko yana kwana a gida da sunan zagaye. Ba kai ba ne, amma shi bai da abin da zai tabbatar da hakan a hannunsa.

Wasu malaman harkar shugabanci su biyu, Manzoni da Barsoux, sun bayyana wannan tarko a mujallar Harvard Business Review a 1998. Ma'aikaci ya yi tuntuɓe sau ɗaya, shugaba ya ƙara sa masa ido. Ma'aikacin ya ji an daina yarda da shi, sai ya ja jiki, ya daina kawo shawara, ya koma yin iya abin da aka ce ya yi. Shugaba ya ga sanyin jikin nan ya ce dama na faɗa, sai ya ƙara matsawa. Haka za a yi ta zagaye har mutumin kirki ya koma abin da ake zarginsa da shi. Kai yanzu kana tsakiyar wannan zagayen. Duk kiran da ka ƙi ɗagawa, a wurinka numfashi ka nema, a wurinsa shaida ce ta samu.

To, kafin ka tunkare shi, zauna da littafinka da rasitanka na wata shida, uku kafin faɗuwar da uku bayanta. "Ciniki ya faɗi" magana ce dunƙulalliya, sai an fasa ta ake ganin ciki. Shagunan da kake shiga a rana ne suka ragu? Ko kana shiga kamar da, amma masu cewa kawo sun ragu? Ko suna saye, sai dai mai ɗaukar katan goma ya koma huɗu? Ko kuwa kaya na fita, kuɗi ne suka maƙale a bashi har kamfani ya tsayar da ba wasu kaya? Na farkon ne kaɗai laifinka kai tsaye. Sauran kowanne da maganinsa, kuma hoton shago ba ya maganin ko ɗaya daga ciki.

Na taɓa yin wani yaro da na matsa wa kamar yadda ake matsa maka, ina ganin lalaci ne. Ranar da na bi shi zagaye muka shiga wani shago, mai shagon ya jawo katan ɗin madararmu daga ƙarƙashin kanta, ya hure ƙurar da ke kansa, ya ce ga na wancan watan nan. Sai ya nuna mana igiyar ƙananan ƙulli da ke rataye a bakin ƙofa, ta wani kamfani, ya ce wannan mutane ke iya saye yanzu, ɗaya-ɗaya, da safe. Yaron ya san da haka tun tuni. Bai faɗa mini ba saboda na riga na mayar da shi mai amsa tambaya kawai. Kunyar wannan rana ni ta kama, ba shi ba.

Kuma ka san kasuwar Katsina ba ta tafiya ita kaɗai. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce dubu. Kuɗin mota ya cinye ribar ɗan kasuwar ƙauye da ke shigowa sari. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka, har zuwa Maris na 2024, masu sayar wa mutanen Maraɗi ta Jibiya da na Damagaram ta Kongolam sun gani a jikinsu. Ga matsalar tsaro da ke hana wasu kasuwannin ƙauye cika. Ga kuma juyin shekara da kowa ya sani: da damina kuɗin manomi na gun taki da noma, sai kaka ta yi aljihu ke buɗewa; sukari da madara na gudu da azumi, bayan Sallah su kwanta. Amma ka yi hankali, kada ka shiga ofishinsa da waɗannan a matsayin uzuri. Zai tambaye ka me ya sa na abokin aikinka bai faɗi ba, kuma tambaya ce mai kyau. Ka kwatanta watannin nan uku da irinsu na bara, ka kuma bincika yadda sauran suka yi. In kowa ya sauka, kasuwa ce. In kai kaɗai ne, ko dai yankinka na da tasa matsalar daban, ko kuwa akwai abin da ka sake, kuma gara ka faɗa da bakinka kafin ya gano.

Sannan ka nemi ganinsa, ba a waya ba, ba kuma a gaban sauran ma'aikata ba. Bayan la'asar, lokacin da motoci suka dawo hankali ya kwanta, ya fi safiyar Litinin. Kada kalmar "matsi" ko "rashin yarda" ta fito daga bakinka, domin da zarar ya ji su zai koma kare kansa. Ka ce masa: "Yallaɓai, na duba lissafina, ga inda ya zube, ga abin da nake ganin ya jawo. Ina so in riƙa turo maka tsarin zagayena kafin ƙarfe takwas, da yamma kuma in turo abin da aka saya da abin da aka biya da wanda ya ƙi saye da dalilinsa. In ka amince, mu bar kiran tsakar rana sai in wani abu ya taso, domin yana yanke mini magana da kwastoma. Mu gwada mako huɗu mu gani."

Ka lura, ba ka roƙe shi ya daina sa ido ba. Ka riga shi ne, ka ba shi abin da yake kira don ya ji, a lokacin da kai ka zaɓa. Wa'adin nan na mako huɗu kuma shi ne ƙashin bayan maganar. Sa idon da ba a yanka masa rana ba yakan zama ɗabi'a. Ku kuma tsayar da ma'aunin da ke hannunka, kamar yawan shagunan da za ka shiga da bashin da za ka karɓo, tunda farashin fetur ba kai ke sa shi ba. Daga nan sai cika alkawari, ko ranar da ciniki ya yi muni. Musamman ma ranar. Rahoton da ke zuwa ranar daɗi kawai, manaja ba ya yarda da shi.

Batun biyo ka kasuwa, shi kansa ba laifi ba ne, aikin manaja ne ya riƙa fita zagaye da yaransa. Laifin shi ne karɓe zance a gaban kwastomanka, domin ɗan kasuwa yana lura: in ya ga akwai wanda ya fi ka iko, gobe shi zai kira ya nemi ragi. Maimakon ka jira ya faɗo maka, kai ka gayyace shi, ka zaɓi shaguna uku mafiya wuya, ka roƙe shi tun a mota ya bar ka ka ja zancen, gyaran da ya gani ya yi maka bayan kun fito. Manajoji da yawa sukan sauko da kansu in mai shago ya ce musu a'a ido da ido.

Akwai inda wannan shawara ta tsaya. In abin ya wuce sa ido ya koma zagi, ko tozarta ka gaban mutane, ko yanke maka kamashon da ka riga ka ci, ko ɗora maka adadin da ba a ɗora wa kowa ba, to mai yiwuwa ana share fagen sallamarka ne. Nan sai ka fara adana komai: saƙonninsa, rahotanninka, kwafin rasitai. In an ba ka takardar tuhuma ka amsa a rubuce, da alƙaluma, ba da fushi ba. Ka ciro takardar ɗaukarka aiki ka karanta wa'adin sanarwa da sharuɗɗan kamasho. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta tanadi sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, amma ta cire wakilai da masu yawon talla da ke aiki a wajen harabar kamfani daga ma'anar "ma'aikaci", saboda haka irinku takardar yarjejeniya ce babbar madogara, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan rigima.

In mako huɗun sun cika, ka riƙe naka ɓangaren, shi kuma bai sassauta ko kaɗan ba, ka fara neman wani wuri a hankali kana kan aikinka. Mai shekara huɗu yana zaga shagunan Katsina da Jibiya, ya san mai biya da mai ja da bashi, ba zai rasa dilan da zai ɗauke shi ba.