Ga duwatsu birjik, me ya sa ake gasar hawa a bangon katako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli gasar hawan bango a wasannin Olamfik na Faris, sai na ga 'yan wasa suna ta ɗafe bangon katako mai wasu ƙulla-ƙullai masu launi. Mu nan Jos ga duwatsun Shere, ga na Riyom. Me ya hana a yi gasar a dutse na gaske? Kuma yaranmu da suka tashi suna hawan duwatsu za su iya shiga a dama da su? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ai da dutsen aka fara. A 1985 an yi wata gasa da ake kira Sportroccia a garin Bardonecchia na Italiya, kuma a jikin dutse aka yi ta. Sai dai dutse ba ya bin doka. Ruwan sama kan ɓata rana guda, 'yan kallo ba sa gani sosai, sannan wanda ya tashi a gindin dutsen ya san kowane tsagi kamar tafin hannunsa, baƙo kuwa sai lalube. Don a yi adalci ne aka koma bangon da mutum ya ƙera. Hukumar wasan ta duniya, IFSC, an kafa ta a 2007, wasan kuma ya shiga Olamfik a gasar Tokiyo da aka yi a 2021.

Shi bangon faifan katako ne mai kauri a kan ƙarafa, an shafe shi da fenti mai yashi don takalmi ya kama. Jikinsa duk huji ne, inda ake ɗaura madafan hannu da matakan ƙafa da noti. Yau a ɗaura, gobe a kwance a sake tsari. Nan ne sirrin abin yake.

Gasar iri uku ce. A ta sauri, bangon mita 15 ne, ya ɗan rinjayo kan mai hawa da digiri 5, kuma madafan ba sa canza wuri: yadda suke a Jakarta haka suke a Faris. Mutum biyu ke tashi tare, wanda ya riga taɓa faifan da ke sama shi ya ci. Shi ya sa ake iya kafa tarihi a cikinta kamar tseren mita 100. A Faris a 2024 Sam Watson na Amurka ya haye cikin daƙiƙa 4.74, amma tagulla ya samu, domin a karawar neman na uku ya yi wannan bajintar. Zinaren ya tafi wurin Veddriq Leonardo na Indunusiya. A ɓangaren mata Aleksandra Mirosław ta Folan ta yi 6.06.

Sauran biyun kuwa, a ganina, su ne hawan gaske, don ba a haddace su. A gajeren bango, wanda bai wuce mita huɗu da rabi ba, babu igiya, katifu ne a ƙasa. Hanyar gajera ce amma kamar kacici-kacici take, sai ka ga ƙato ya faɗo sau biyar kafin ya gane inda zai sa diddige. A dogon bango, mai mita 15 ko fiye, mutum yana hawa yana maƙala igiyarsa a ƙugiyoyi, yana da minti 6 da dama ɗaya tak. Kafin a fara ana killace 'yan wasa a ɗaki don kada wani ya ga dabarar wani, sai a fito da su su ƙare wa hanyar kallo na 'yan mintoci daga ƙasa. Za ka ga suna ta kaɗa hannu a iska kamar masu sambatu, hanyar suke bi a zuci. Janja Garnbret ta Sulobeniya ta ci zinare a Tokiyo, ta sake ci a Faris.

Batun yaranmu kuwa, kada in yi maka zaƙin baki. Duwatsun Filato suna koya wa yaro natsuwar ƙafa, suna cire masa tsoron tsayi, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne. Amma yawancin hawan da muke yi tattaki ne a gangare, bangon gasa kuwa kifowa yake kanka, nauyinka duka yana rataye a yatsu. Ta sauri ma ba ta koyuwa sai a bango mai ma'aunin nan daidai. Afirka ta Kudu ce ta wakilci nahiyarmu a Tokiyo da Faris, ƙasar da ke da ɗakunan atisaye masu irin wannan bango.

Idan za a fara a Jos, gajeren bango ya fi sauƙi: kafinta da mai walda da suka ƙware za su iya haɗa jikinsa, a sayo madafai da katifu masu kauri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaura wa yaro igiyar kasuwa a ƙugu a ce ya hau Shere. Igiyar hawa ta musamman ce, tana ɗan miƙewa idan mutum ya faɗo don kada ƙugunsa ya karye, kuma sai wanda ya koyi riƙe ta ne zai tsaya masa a ƙasa.