Abin wuyan Ainu da ka tambaya a kai

Ɗana, hoton da ka turo min kana tambaya wai me yasa duwatsun ba girmansu ɗaya ba, ko aikin koyo ne. A'a, ba aikin koyo bane, tsaya kaji.

Sunansa tamasay, abin wuyan matan Ainu ne, mutanen Hokkaido a arewacin Japan da tsibirin Sakhalin. Su basa narka gilas irin yadda mutanen Bida keyi, a da duwatsun sayowa suke, wasu ta hannun fataken kogin Amur dake gabashin Rasha suna bada fatu a musaya, wasu kuma daga 'yan kasuwar Japan na Matsumae dake kudancin Hokkaido. Toh kaga wanda yau ya samu dutse biyu baɗi ya samu uku, uwa ta barwa 'yarta ita ma ta ƙara nata, ta ina zasu zo iri ɗaya? Shuɗi yafi yawa, akwai baƙi da fari.

Amma sake duba hoton da kyau. Duk dutsen dake dama yana da ɗan'uwansa a hagu, manya suna ƙasa wajen ƙirji, suna ta raguwa har su kai ƙeya. Nan gwanintar take. Faifan ƙarfen nan na tsakiya shitoki ake ce masa, shi ke jan nauyin ƙasa ya zaunar da abin, kuma ba na yawon kasuwa bane, sai ranar biki ake fito dashi, kamar iyomante da suka saba yi a da na sallamar ruhin beyar.

In zaka gwada irinsa kar ka fara zurawa daga baki. Shimfiɗa tsumma a tire, ajiye faifan a tsakiya, ka jera biyu biyu kana fita waje, sai idonka ya gamsu sannan ka ɗauki allura. Zare ka ninka shi, dan gilas nada nauyi kuma bakin hudar yana cin zare wallahi, in kaji kaifi ka goge shi tukuna. Kar ka ɗaure tamau, barshi ya ɗan saki ya kwanta a jiki.

Kuma dan Allah banda na roba, basu da nauyin da zasu zauna. In mai saye ya tambaya kace masa kwaikwayo kayi, kar ka sayar da sunan na Ainu ne. Gobe kazo da wuri mu zaɓi duwatsun tare.