Me ya sa iskar taya take ƙaruwa bayan tafiya?

Malam, ka ce mai faci ya sa maka iska 32 (a ma'aunin matsin iska na PSI) da safe a Kano, da ka isa Zariya geji ya nuna kusan 36, kana tambaya ko ka rage. Kada ka rage.

Ba sabuwar iska ce ta shiga ba. Lanƙwasawar taya yayin tafiya da gogayya da kwalta mai zafi ne suka ɗumama wadda ke ciki, ƙananan ƙwayoyinta suka ƙara gudu, suna bugun bangon taya da ƙarfi. Girman taya kusan bai canza ba, sai matsin ya hau. Wannan ita ce dokar Gay-Lussac, kuma ana lissafin da ma'aunin zafi na Kelvin ne, wato digirin Celsius a ƙara masa 273. A ce zafin iskar tayar ya tashi daga digiri 25 zuwa 55, wato 298 zuwa 328 a Kelvin, ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 ne. Geji ba ya ƙirga matsin iskar waje, kusan 15, don haka ka haɗa shi da 32, ka samu 47. Kashi 10 ɗinsa ya haura 4. Ga lissafinka ya fito.

In ka rage, da ta huce za ta koma ƙasa da ƙima. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasawa, ta fi yin zafi, ita ce ma ke saurin fashewa, balle da lodi. Ka riƙa aunawa da sassafe, kafin mota ta motsa.