Yayyena sun ce mace ba ta gadon gona

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar gida da gona. Ni na yi jinyarsa har ƙarshe. Yanzu yayyena maza biyu sun ce mu mata uku mu haƙura da gona tunda muna gidan miji. Na ji an ce Kotun Ƙoli ta daidaita mace da namiji a gado. Zan iya neman daidai da nasu, har da ladan jinya?

Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abin da zan faɗa ya dogara ne kan bayaninki kawai, ban ji ta bakin yayyenki ba, ban kuma ga takarda ko ɗaya ba.

Hukuncin da kika ji labarinsa, ina kyautata zaton shari'ar Ukeje ce ta 2014. A nan Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gado gaba ɗaya, bisa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Ba ta taɓa rabon gadon Musulunci ba. Matuƙar mahaifinku Musulmi ne, aya ta 11 a Suratun Nisa'i za a bi: namiji yana da rabon mata biyu. Bayan kuɗin jana'iza, bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sai a raba. A ce dukiyar ta kai naira miliyan 24, kuma akwai matarsa amma iyayensa sun rasu. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3. Ragowar miliyan 21 a kasa bakwai: kowace mace miliyan 3, kowane namiji miliyan 6.

Jinya ba ta ƙara rabo, ko da ke kaɗai aka bar wa wahalarta. Kuɗin magani da kika kashe, mai yiwuwa a lissafa shi a matsayin bashi idan kina da rasit da shaidun cewa da niyyar a biya ki kika kashe. In babu, alƙali zai iya ɗaukar sa kyautatawa ce ga mahaifi. Ko da marigayin ya yi miki wasiyya, ba ta zartuwa ga magaji sai da yardar sauran magada.

Su kuma yayyenki, maganarsu ba ta da tushe. Aure ba ya soke gado, kuma rabonki yana cikin gonar kamar yadda yake cikin gidan. Idan suka ce marigayin ya ba su gonar kyauta, su za su kawo shaidar cewa sun karɓe ta a hannu tun yana da lafiya. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

Kina iya shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin da dukiyar take, amma da za ki ji tawa, ki fara da sulhu. Ki samu baffa ko kawu da ake jin maganarsa, tare da malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado, ko ofishin Hisba idan jiharku tana da shi. A yi wa gida da gona kuɗi ta hannun wanda ba shi da rabo a ciki, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Idan gonar ba ta rabuwa, su sayi rabonki a farashin kasuwa.

Kada dai kunya ta sa ki yi shiru shekara da shekaru, don dogon riƙon gona ana iya kafa hujjar mallaka da shi, ko da yake wa'adinsa tsakanin 'yan'uwa yana da tsawo a mazhabar Malikiyya. Duk takardar yafiya da aka miƙo miki kuwa, ki nuna wa lauya kafin ki dangwala hannu.