Amsa ga Hajiya mai son kai man kaɗanya kasuwar Sin

Salamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki cewa kina haɗa man kaɗanya da sabulu, kina son 'yan ƙasar Sin su san kayanki, ko ki fara da biyan talla a Facebook. Ni harkar riɗi nake yi daga Dawanau, na daɗe ina zirga-zirgar Guangzhou, kuma na taɓa gwada irin kayan naki.

Don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna. Facebook da Instagram da WhatsApp da YouTube duk a toshe suke a can. Ko TikTok da kamfaninsu ByteDance ya ƙirƙira, ba shi suke kallo ba, Douyin ne nasu na gida. Hira da biyan kuɗi kuwa a manhajar WeChat ake yi, har mai sayar da lemo a bakin titi da shi yake karɓar kuɗinsa.

Kayan shafa dai, gidansu manhajar Xiaohongshu, inda galibi matasan mata ke rubuta abin da suka gani bayan sun yi amfani da kaya. Ranar da na miƙa wa yarinyar da ke mana tafinta kwalbar man, ko murfin ba ta buɗe ba, sai ta ɗauko waya ta nemi sunan a can. Da ta ga ba wadda ta taɓa yin maganarsa, jikinta ya yi sanyi. Daga baya ta shinshina, ta lakata ta murza a bayan hannu, ta ce yana ƙaurin hayaƙi, kuma ya yi mata nauyi. Raina bai so ba, domin wannan ƙamshin ne mu muke gane na asali da shi. Amma gaskiyarta ce, Guangzhou gari ne mai zafi da gumi, ba irin hunturunmu da ke fasa kaushi ba. Da man leɓe ko na hannu na kai arewacinsu, wajen Beijing inda sanyi ke busar da fata, da labarin ya sha bamban. Ki raba samfur ga mata ashirin ko talatin a can, ki sa a rubuto miki duk abin da suka ce, mai daɗi da marar daɗi.

Sai maganar suna, wadda ta fi ci mini rai. Mutanen nan da rubutunsu suke neman kaya, shi ya sa Coca-Cola ma take da nata, Kekou Kele, mai ma'anar daɗin baki da farin ciki. Kuma a dokarsu wanda ya riga yin rajistar suna shi ke da shi. Wani dillali da na yarda da shi ya yi wa sunan da muka zaɓa rajista da sunansa, da na zo nema ya yanka mini kuɗi. Haka na haƙura na bar shi. Ki yi rajista kafin ki nuna wa kowa kwalinki.

A rubutun talla ki guji "wanda ya fi kowanne" ko "lamba ɗaya", dokar tallarsu ta 2015 tana cin tara mai nauyi a kai. Ba sa son lamba 4, furucinta ya yi kusa da kalmar mutuwa, 8 kuwa ta arziki ce.

Kada ki sa ido kan garaɓasar 11 ga Nuwamba da Alibaba, kamfaninsu na kasuwanci ta intanet, ya fara a 2009, manyan kamfanoni za su binne ki. In da hali, ki nemi rumfa a baje kolin Sin da Afirka na Changsha, wanda ake yi duk bayan shekara biyu tun 2019. Masu saro kayan Afirka can suke zuwa da kansu, kuma a bakinsu za ki ji takardun da hukumarsu ke nema kafin kayan shafa su shiga kanti. Ki tafi da ƙananan kwalabe, da bayanin kayan a rubutunsu, da WeChat a wayarki tun daga gida.